Kwamfutar Malam da Babi Na Shida

Kabo, 22 ga Afrilu

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka koma Mambila lafiya, ya aikin bautar ƙasa, ya ɗalibai. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baba yana gaishe ka. Idon nasa yana nan yadda ka bar shi, na hagun ma yanzu ya ce kamar inuwa yake ganin mutum. Ranar Juma'a na je Gwarzo na gaida Gwaggo mahaifiyarka, ƙafar ta yi sauƙi, tana ta mita wai ɗan nata ko saƙo bai turo ba, kuma ya manta rigar sanyinsa a kan igiya.

Na kira ka ya fi sau goma ba ta shiga, sai na tuna ka ce sai ranar Alhamis in ka shigo Gembu kake samun sabis, shi ma kira ba ya riƙewa. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hotonta.

Maganar kwamfutar Islamiyyar Baba ce. Ranar da ka ƙara mata RAM da sabon faifan ajiya ta yi sauri, ban musa ba, kafin in gyara zama ta buɗe. Amma tun washegarin tafiyarka ta ɗauko wani hali. Ina cikin bugu sai ta sandare, maus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa. Wani lokaci kuma ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta. Ba ta da lokaci. Jiya ta yi awa uku lafiya, yau sau huɗu kafin azahar.

Ka san littafin Baba nake bugawa, na tsarki da salla, wanda yake so a raba wa matan auren da za su yi sauka bayan babbar sallah. Ba rubutacce ba ne, da ka yake faɗa ina bugawa tunda ido ya raba shi da alƙalami. Babi huɗu mun gama, suna cikin filash, saura biyu. Shekaranjiya ya yi bayani kusan shafi biyu a kan taimama, ta ɗauke. Da ta dawo ba ko layi ɗaya. Na ce, “Baba, a yi haƙuri a maimaita.” Sai ya ce, “Zubaidatu, magana ba zare ba ce da za a warware a sake naɗewa.”

Shekara shida kwamfutar nan tana tafiyar hawainiyarta, ba ta taɓa cinye mini aiki ba. Ka gaya mini abin yi.

'Yar kawunka,
Zubaidatu

Mambila, 1 ga Mayu

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki ranar Alhamis da ta wuce, na karanta a nan ƙauye, gobe in na shiga gari zan turo wannan. Ina lafiya, sai ruwa da sanyi, kuna kukan zafi ni kuwa da safa nake kwana. Ki gaida Kawu sosai, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida maigidanki Malam Ikrima. Ki ce wa Inna rigar ta ajiye mini.

Na yi dariya da na ga yadda kika jera maganar, wato dai ni na ɓata muku kwamfuta. Ba abin mamaki ba ne, tun muna yara in kika fasa tulu ni ake duka. Kayan da na sa sababbi ne dal, a Kano na saye su, ni na ɓare ledarsu da hannuna. Ki cire su daga lissafi.

Abu uku nake zargi. Na farko zafi. Ɗakin nan na ofis kwanon rufinsa a kan mutum yake, ita kuma kin tura ta ƙarƙashin tebur ta jingina da bango. Ki ɗago ta sama, ki kwance murfin gefe, ki saita mata fanka. Na biyu wuta. Wutar Kabo ni da ke mun san ta, yanzu ta yi sama yanzu ta yi ƙasa, janaretan makaranta kuma ya tsufa. Ki nemi sitabilaiza mai daidaita wuta. Na uku filash ɗinki. Na ga yadda malamai ke karɓa suna kai shi shagon hoto da shagon buga takardu, ba mamaki ya kwaso bairos. Ki daina sa shi kwata-kwata har in zo, ki riƙa ajiye aikin a cikin kwamfutar, sabon faifan ya fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Sannan ki saba wa hannunki da yin sebin, wato adana aikin, bayan kowane sakin layi. Wannan kam laifinki ne, ba na na'ura ba.

Kada ki bari kowa ya buɗe ta ya taɓa abin da na jera.

Yayanki,
Badaruddeen

Kabo, 7 ga Mayu

Yaya Badaru,

Salam. Ina fata kana lafiya, ya sanyi. Baba ya ɗan yi mura amma ya warware. An yi mana yayyafi ranar Lahadi, wasu a Kutama har sun fara shuka, mu dai ba mu yarda ba tukuna.

Duk abin da ka ce na yi. Na ɗago ta kan tebur, na kwance murfi, fankar ɗakina na ɗauko na saita mata, ni ina zufa ita tana shan iska. Malam Ikrima ya aro sitabilaiza. Da ba ta daina ba muka kai ta ɗakin limamin unguwa inda ake da sola, wuta a tsaye ba hawa ba sauka, muka yi kwana biyu a can. Ta sandare sau biyar. Filash kuwa yana cikin jakata tun ranar da na karanta takardarka. Ba zafi ba ne, ba wuta ba ce, ba filash ba ne.

Ina yin sebin kamar mai jan carbi. Amma in ta ɗauke ana tsakiyar sebin ɗin fa? Sau biyu fayil ya ƙi buɗuwa sai da na koma na jiya.

Ranar Asabar allon ya koma shuɗi kafin ta mutu, da rubutu, na yi sauri na kwafi abin da na iya: MEMORY MANAGEMENT. Ni ba injiniya ba ce, amma ba RAM ɗin kake kira memori ba? Me zai hana a cire wanda ka ƙara a gani?

Da ƙyar mun gama babi na biyar. Na shida ba hukunci ba ne, tarihin malamansa ne, kuma Yaya, abin da Baba yake faɗa ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ji ba. Yadda ya taka a ƙasa zuwa Getso yana ɗan shekara goma sha huɗu, yadda Malam Baƙo ya ƙi karɓarsa sai da ya yi damina guda yana masa noma, da abin da malamin ya gaya masa ranar da ya sallame shi. Wajen nan sai da ya tsaya ya share ido. Ni kuwa hannuna yana kan kibod, zuciyata tana kan allon, ina addu'a kada ta zaɓi wannan lokacin.

Malam Ikrima ya ce akwai Malam Bot a Gwarzo, malamin kwamfuta a sakandaren 'yan mata, ana yabon aikinsa. In kai masa?

Zubaidatu

Mambila, 16 ga Mayu

Zubaida,

Salam, da fatan kowa lafiya. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi. Nan ruwa ya tsananta, hanya ta fara lalacewa, babur ma da ƙyar.

Na ga kin fara karanta shuɗin allo, saura ki buɗe shago. Wannan rubutun abu goma kan jawo shi, ba RAM kaɗai ba. Shekara huɗu na yi ina karanta abin nan, kuma kwamfuta ta fi ashirin na yi wa irin wannan aikin, babu wadda ta dawo. Ban ji daɗi ba da tun farko kika kafe a kan kayana, yanzu kuma har da neman wani malami a Gwarzo. Gwarzo garinmu ne, ya buɗe ya ce Badaru ya yi kwaɓa, gobe maganar tana bakin masallacin unguwarmu. Ba sai an kai wa kowa ba.

Abin da na fi zato yanzu, Windos ɗin ce ta sami tangarɗa lokacin da na kwafe ta daga tsohon faifai zuwa sabo. Kada ki sake ɗora Windos yanzu, ki bari in na zo da babbar sallah in duba sauran da kaina. Sati huɗu ne kacal, za ku sami kwana goma sha biyu kafin sauka, sun isa.

Ina sauri, mai babur yana jira.

Badaruddeen

Kabo, 21 ga Mayu

Yaya Badaru,

Salam. Muna lafiya a jiki. Ban san ta inda zan fara ba.

Hoton takardarka ya zo da ɗan duhu ta gefe, amma na karanta inda ka ce Windos ce ta sami tangarɗa, “ki sake ɗora Windos yanzu, ki bari in na zo in duba sauran.” Tunda ka hana a je Gwarzo, ranar Asabar muka kai ta wani shago kusa da tasha a nan Kabo, na ce wa mai shagon kada ya taɓa komai na ciki, Windos kawai. Na ce ya fara kwashe mini fayilolin littafin. Yana cikin kwashewa ta ɗauke ta sake tashi. Ya duba filash ɗinsa ya ce sun shiga, ya nuna mini sunayensu shida a jere. Na ga sunaye, ban ce ya buɗe ba. Wannan kuskurena ne, na ɗauka. Ya goge komai ya ɗora sabuwa.

Da muka dawo gida na buɗe. Na ɗaya zuwa na huɗu lafiya. Na biyar da na shida sai wasu akwatuna da alamomi kamar rubutun aljanu, shafi bayan shafi. Ba su cikin filash ɗina, saboda ka ce in daina sa shi. Aikin sati huɗu.

Ina zaune ina kallon allon, ko minti goma ba a yi ba, ta sandare. Sabuwar Windos, tsohon hali.

Sai da na kwana ban gaya wa Baba ba. Da hantsi ya fito ya zauna a kujerarsa, ya ce, “Ina muka tsaya, wajen rasuwar Malam Baƙo ko?” Na durƙusa na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Duka?” Na ce duka biyun. Ya ce, “Da a allo na rubuta da tawada, sai na wanke da hannuna zai goge.” Ya nemi sandarsa ya shiga ciki. Yau kwana biyu bai fito ofis ba.

Yaya, garin neman gira an rasa ido. Ba wanda ya roƙe ka sauri. Kai ka zo ka ce abin kunya ne makarantar Kawu tana amfani da na'ura mai jan ƙafa, ka kwance ta ranar da za ka tafi, ka bar ni da ita. Duk abin da ka ce na bi, ɗaya bayan ɗaya, ga inda ya kawo mu.

Ka ba ni amsa ranar Alhamis.

Zubaidatu

Kabo, 4 ga Yuni

Yaya Badaru,

Salam. Alhamis biyu sun wuce ba amsa. Gwaggo ta damu, kullum sai ta kira ni ko na ji daga gare ka. In fushi kake da ni, ita dai ka tura mata ko kalma ɗaya ce. Damina ta zauna, an gama shukar gero, Baba yana cin abinci amma ya rage magana.

Ban jira izininka ba. Ranar ashirin da biyar ga wata Malam Ikrima ya ɗaure kwamfutar a bayan babur, ni na bi mota, muka kai wa Malam Bot. Dattijo ne mutumin Filato, shekararsa ashirin a Gwarzo, ya ce ya san Gwaggo, matarsa Anastasia ma a wajenta take sayen daddawa.

Tambayarsa ta farko ita ce, “Malama, mene ne na ƙarshe da aka canza kafin ta fara?” Na gaya masa. Ya ce, “To daga nan ake farawa.” Ya sa wani filash mai gwada RAM, allon ya yi ta ƙirga, kafin mu gama shan ruwan da aka kawo mana jajayen layuka sun fara fitowa. Ya kashe, ya zare sabon da ka sa, ya bar tsohon, ya sake gwadawa. Ba ja ko ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya ce kada mu zalunci kaya ko ramin ne ya lalace. Ya sa tsohon a ramin sabon, lafiya. Ya sa sabon shi kaɗai a ramin tsohon, ja ya cika allo. Ya riƙe ta kwana biyu a kunne, ko gezau.

Na ce masa sabo ne a leda aka saya. Ya ce sabon abu ma yakan zo da ciwonsa tun daga kamfani, ba laifin mai sawa ba ne, shi ya sa ake gwadawa kafin a rufe murfi. Faifan da ka sa kuwa ya ce mai kyau ne, ya bar shi. Kuma ko sau ɗaya bai ce ka yi kwaɓa ba, har cewa ya yi ka jera wayoyin da tsabta. Na faɗa maka ne tunda abin da ya fi damunka ke nan.

Ya yi ƙoƙari a kan fayilolin. Na biyar ya ceto kamar kashi ɗaya cikin uku. Na shida ba ko harafi.

Yau kwana takwas tana aiki ba ta tsaya ba. Baba ya yarda mun sake na biyar, tunda hukunci ne, yana kansa. Da na ambaci na shida ya ce, “Na faɗe shi sau ɗaya, na sauke.” RAM ɗinka yana cikin ambulan a durowa.

Zubaidatu

Gembu, 13 ga Yuni

Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, na kira Inna yanzu, muryarta ta shigo na minti ɗaya kafin ta yanke. Ba fushi na yi ba. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari, sati uku ba mai fita, sai yau muka zagayo ta wata hanya. Takardunki biyu tare suka shigo. A bakin wani shago nake zaune nake rubuta wannan.

Na buɗe hoton da na turo miki. Abin da na rubuta shi ne “Kada ki sake ɗora Windos yanzu.” Kalmar “Kada” ita ce ƙarshen layi, babban yatsana da na danne takardar da shi saboda iska ya rufe ta. Na fara rubuta miki doguwar takarda a kan wannan, cewa da kin lura da kin ga maganar ba ta haɗu ba. Na yaga ta. Domin ko da kin karanta daidai, ni ne na ce ki ajiye filash, ni na hana ki zuwa wajen wanda ya gano abin kafin ruwan sha ya ƙare.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Ranar da na sa kayan, kin shiga gida kawo mini abinci, ina gwada ta ni kaɗai. Ta sandare a hannuna. Na kashe na kunna, ta tashi lafiya. Na san ya kamata in yi gwajin nan da Malam Bot ya yi, filash ɗin gwajin ma yana cikin jakata. Amma zai ci awa biyu, motar Kano kuma ta kusa cika, ga Kawu ya gama sa mini albarka a gaban malamai. Na ce wa raina sabon kaya ne yake zama. Kika shigo da kwano na ce miki komai ya yi daidai.

Da takardarki ta farko ta zo, zuciyata ta gaya mini ko mene ne. Na zauna na lissafo miki zafi da wuta da filash, ina fata ɗaya daga ciki ya zama gaskiya.

Ba zan sami zuwa sallah ba. Hutun kwana biyu ne, hanya kuma yadda na gaya miki, sai Oktoba in mun gama. Na san za ki ce kunya ce ta hana ni. Akwai ta a ciki.

Ki karanta wa Kawu wannan yadda take, kada ki tsallake komai. Ki yi wa Malam Bot godiya. Ke kuma ban san abin da zan ce miki ba, sai dai ki yafe mini in kin huce.

Badaruddeen

Kabo, 2 ga Yuli

Yaya Badaru,

Wa alaikumus salam. An yi sallah lafiya, Gwaggo ta zo Kabo ta kwana biyu, ta ajiye maka soyayyen nama a gwangwani, ban san ko zai kai Oktoba ba. Gero ya kai gwiwa.

An yi sauka ranar Asabar, mata talatin da ɗaya. Littafin ya fito da babi biyar. A shafin farko an riga an rubuta “da tarihin malaman mawallafi”, sai da na bi kwafi ɗari da hamsin ina liƙe layin da farar takarda. Wata tsohuwa daga Getso, jikar Malam Baƙo, ta zo takanas saboda an gaya mata sunan kakanta yana ciki. Ni aka turo in yi mata bayani.

Ban huce ba, gara in gaya maka gaskiya. Yatsa a kan takarda kuskure ne, ya wuce a wajena. Amma sati shida ina jigilar fanka da sitabilaiza, ina zargin hannuna, kai kuwa ka sani. Wannan zai ɗauki lokaci.

Na karanta wa Baba takardarka, ban tsallake komai ba. Ya sa na maimaita wajen motar Kano. Sannan ya ce, “Da ya faɗa a ranar, mota kawai zai rasa.” Ya ce in gaya maka ya yafe, kuma faɗar da ka yi yanzu ta fi masa gyaran da ka yi.

Game da babi na shida, ya canza magana. Ya ce zai sake faɗa, amma ba a gaban na'ura ba, kuma ba ni zai faɗa wa ba. Kai za ka zauna a gabansa da takarda da biro ka rubuta da hannunka, in ya tsaya ka tsaya, in ya koma baya ka koma. Na ce masa Oktoba da nisa, in fara riƙe masa wani abu kafin nan. Ya ce a'a.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto yau ban jira na huce ba. Jiya da la'asar Baba ya kira ni ya tambaye ni yaushe za a yi saukar matan nan, a shirya masa babbar riga. Shi ya yi addu'ar rufe taron da bakinsa, kwana biyu kafin nan. Da na tuna masa ya yi dariya ya ce tsufa ne. Ni ban yi dariya ba.

Ka je wajen shugabanku ka nemi ko sati ɗaya ne. Kada ka jira Oktoba.

Zubaidatu